Tatsuniya ta Waya: Yadda Aikin Ɗaukar Muryoyin Tsofaffinmu Yake Tafiya

Lahadi, 5 ga Afrilu, 2020

Tun ƙarshen watan jiya makarantu suke a rufe saboda korona. Ni malamar firamare ce, Hausa nake koyarwa a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Abin da na sa a gaba a wannan zama shi ne in ɗauki muryoyin tsofaffin matan garin nan suna tatsuniya, in riƙa aika wa jikokinsu na nesa ta WhatsApp.

Yayanmu da ke Agege ne ya jawo maganar. Tun ranar 30 ga Maris aka kulle Legas, yara sun cika masa ɗaki, ba makaranta ba Islamiyya. Ya kira Goggo ya ce ta yi musu tatsuniya ko za su natsu. Ta ɗauko ta Gizo da hankaki, amma ko bakin kogi Gizo bai kai ba katinsa ya ƙare. Na ce to a ɗauka a tura mana, data ta fi kira sauƙi.

Mutum uku suka amsa mini: Goggo, yayar mahaifinmu, Inna, ungozomar unguwarmu, sai Iya mai saƙar faifai, wadda ta girme su duka. Na bi 'ya'yansu maza na nemi izini. Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma shi ne na tsofaffin: murya kawai, ban da hoto, ban da ambaton suna. Kayan aiki kuwa wayata ce, sai ƙanena mai kai ta caji wurin mai sola. Sabis ba ya shiga cikin gida. Sai an je bayan makaranta, kusa da tankin ruwa, saƙo yake tafiya.

Asabar, 18 ga Afrilu

An samu mai cutar na farko a Kano ranar 11 ga wata, kuma tun daren Alhamis gwamna Ganduje ya hana fita. Nan da nan zaurenmu na WhatsApp ya ƙaru da 'yan'uwa na Kurna da Fagge da Rijiyar Lemo.

Ga yadda ɗaukar farko ta kasance. Bayan lisha na zauna da Goggo a ɗakinta, na kori yara don kada hayaniyarsu ta shiga, na danna, na yi mata alama. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ta yi shiru. Na sake yi mata alama da hannu ta ci gaba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wa zan gaya wa? Ba a ce ta zo ba."

Na amsa mata, "Ta zo mu ji ta," ta fara. Labarin dai ya fita daga farko har ƙurunƙus, ba abin da ta manta, amma muryarta a kwance take. Gizon nata babu tsamin baki. Waƙar da ke tsakiya ma karanta ta ta yi, ba ta rera ba. Matar da na sani tana sa yaro ya ƙanƙame ɗan'uwansa idan Dodo ya taso, ga ta tana magana sai ka ce mai ba da sallahu.

Kashegari muka tara yaran gidan a tabarma, su kaɗai, ba na maƙwabta saboda dokar taro. Na ajiye wayar a gefe kan turmi na bar ta. Tatsuniyar jiya ce dai ta maimaita, sai ga ta ta ninka tsawo. Da Gizo ya riƙa hana hankaki ɓaure yana cewa shi ya fara gani, ƙaramin cikinsu ya ce, "Kai, Gizo mugu ne!" Goggo ta ce, "Af, kai ma ka gani ko?" ta ƙara masa wani abin da Gizo ya yi wanda jiya babu shi. Da hankaki suka karɓe gashinsu ya faɗa ruwa, yaran ne suka riga ta cewa tsundum.

Wadda ke da hayaniyar na tura. Akwai kukan akuya a ciki, da tarin Baba daga zaure. Ba wanda ya yi ƙorafi. Matar yayanmu ta ce yaranta sun riƙa amsa waƙar tare da yaran da suke ji a waya.

Daga yau na kafa wa aikin nan doka: ba a ɗaukar tsohuwa ita kaɗai.

Alhamis, 30 ga Afrilu

Azumi ya kama tun ranar Juma'a 24 ga wata. Ranar Litinin kuma Shugaba Buhari ya sa wa Kano kulle na mako biyu. Labarin da ke zuwa daga birni ba daɗi: mace-mace sun yi yawa, galibi dattawa, masu haƙar kabari sun gaji. Kowa a zauren yana da wanda ya rasa ko wanda ya sani.

Wannan ya sa na daina shiga ɗakin Iya da na Inna. Ina wanke hannu, in goge wayar, in ɗora a faifai jikarsu ta shiga da ita, ni ina tsakar gida. Iya ta ce, "Kishiya, yau gudu na kike yi?" Na ce, "Iya, tsoron kawo miki wani abu nake." Ta ce Allah ya tsare, amma na ga abin bai yi mata daɗi ba. Ni ma haka.

Ta kuma ce ita ba za ta yi tatsuniya a watan azumi ba. Abin da ake rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya" ba za ta haɗa shi da daren Ramadan ba. Ban ja da ita ba, sauran ma suka bi ta.

Sai muka koma kacici-kacici, kuma abin mamaki shi ya fi dacewa da waya. Bayan shan ruwa Inna takan ce "Ƙulun ƙulufit," gajeren saƙo, ƙanena ya ruga da shi wajen tanki. Kafin a idar da asham yara daga Kano da Kaduna sun cika zauren da "Gauta!" Sannan a saki tambayar. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Amsoshi su yi ta zuwa, wanda ya kasa ya ba da gari. Wata yarinya ta ba Inna Fatakwal, Inna ta ce ba ta so, ta yi nisa, a ba ta Hadeja ta je ta ci kifi. Sai da safe take faɗar amsa, tsintsiya. Data kaɗan yake ci, kuma kowa yana da abin cewa.

Talata, 12 ga Mayu

Goma ga azumi ta wuce ba a ji tashe ba. Bana babu yaran da ke zagaya gidaje da gemun auduga.

Wani dattijo ɗan kama daga ƙauyen gabas da mu ya aiko a tambaye ni ko za a sa shi a waya. Sana'arsa bin kasuwanni ce, musamman Gujungu ranar Lahadi, da gidajen biki. Yanzu ba taron kasuwa, ba biki, ba suna, abinci ya yanke masa. Ƙanena ya je ya ɗauke shi, shi kam da hoto, don rabin wasansa a fuska da tafiya yake.

Matsalarsa ta sha bamban da ta su Goggo. Su amsa suke bukata, shi kari yake bukata. A kasuwa idan ya kwaikwayi mai rowa aka fashe da dariya, a nan take hannu ke shiga aljihu. A waya an yi dariyar, an turo hotunan fuska mai hawaye, ba ko sisi. Na rubuta a zauren cewa wanda ya ji daɗi ya tura katin waya, mai caji zai saya ya ba shi kuɗi. Mutum kaɗan suka tura. Bai kai abin da yake samu a yini guda na kasuwa ba, shi da bakinsa ya faɗa.

Akwai kuma abin da na cire kafin in tura. A cikin wasan ya zolayi wani mahauci, ya kama suna. A kasuwa da mahaucin yana tsaye, zai rama, a yi dariya, kasuwa ta tashi magana ta bi iska. Idan ta shiga waya kuwa ba ta tashi. Za ta kai wa surukansa, ta kai wa 'ya'yansa, shekara da shekaru. Na aika masa da bayani. Ya ce, "Malama, gaskiyarki. To wa zan zolaya?" Yanzu kansa yake zolaya, da tuwo, da takunkumin da ya ɗinka da tsumma. Wasan ya rage gishiri, kuma ya sani.

Laraba, 27 ga Mayu

An yi sallah ranar Lahadi, ba hawa, ba yawon sallah na kirki. Daren jiya Iya ta buɗe baki da Daskin-da-riɗi.

Na san tatsuniyar tun ina yarinya: 'yan mata za su tafi faɗar sunan saurayi, suka iske tsohuwa tana wanka ta ce su cuɗa mata baya suka ƙi, sai auta ta tsaya, tsohuwar ta gaya mata sunan. Amma ban taɓa jin an yi ta yadda Iya ta yi ba. Jikarta ta gaya mata cewa masu saurare ba sa ganin hannunta. Iya kuwa da hannu take rabin labari, da shi take nuna yanga, da shi take nuna tsoro. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta kwashe duk abin da hannu ke yi ta zuba a murya. Tafiyar manyan 'yan mata ta zama ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta auta ta zama sumumu. Tsohuwar rafi ta samu muryar hanci mai rawa. Inda da za ta zaro ido, sai ta ja numfashi ta riƙe, har ka ji yaran tabarma sun daina motsi. Kowace yarinya da ta zo gaban saurayin da yadda take rera waƙar, ta mai girman kai daban, ta mai rawar jiki daban, alhali baitin ɗaya ne.

Ba wanda ya koya mata wannan. Matar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, cikin dare ɗaya ta gane abin da masu wasan kwaikwayon rediyo suke shekaru suna koyo. Ina tsakar gida ina ji, sai da na share hawaye.

Ta kafa nata sharaɗin: kada a tura da rana. An san camfin, wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi a hanya. Ni ina ganin hikimar iyaye ce don kada yaro ya bar aike da kiwo ya zauna jin Gizo, kuma hikimar ba ta tsufa ba. Na yi mata alkawari sai bayan lisha zan riƙa saki. Na kuma gaya mata gaskiya, cewa idan ta shiga wayar mutum ba ni da iko da lokacin da zai kunna. Ta ce, "Wannan tsakaninsa da Gizo."

Lahadi, 21 ga Yuni

Damina ta sauka, kowa yana gona, yara na dawowa a gajiye. Aikin ya ja baya, dama lokacin tatsuniya kaka ne da rani.

Abu biyu muka gyara. Masu ƙaramar data sun ce dogon saƙo ba ya sauka, don haka muna yanka kowace tatsuniya gida uku ko huɗu. Goggo ce ke zaɓar inda za a yanka, kuma kullum daidai inda Dodo ya buɗe baki take tsayawa. Kashi na biyu ba ya fita sai yaran nesa sun turo murya sun ce a ci gaba. Ƙanena yakan kunna mata muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunan kowa tana sa albarka.

Na biyu, yawancin mutanen ƙauyukan nan ƙananan wayoyi gare su, ba WhatsApp, kuma saƙon muryarsa ba ya buɗuwa a cikinsu. Wani mai tura waƙoƙi a bakin titi ya mayar mana da su MP3, yana zuba wa mutane a memori, daga nan su bi Bluetooth gida-gida.

Alhamis, 9 ga Yuli

An buɗe hanyoyin jihohi tun farkon wata, Kano ma an ɗage kulle.

Raina a ɓace yake. Wani ɗan'uwa ya turo mini Daskin-da-riɗin Iya daga wani zaure da ban sani ba. An yanke gaisuwar farko, an yanke muryoyin yara, an sa kiɗan fiyano a ƙarƙashi, an manna hoton wata tsohuwa da ba ita ba, wani kuma ya rubuta sunan shafinsa a kai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wurin da ta riƙe numfashi. Sun ɗauka shiru ne na banza, sun datse shi.

Na kai wa Iya maganar don hakkinta ne ta sani. Ta ce tatsuniya ba ta kowa ba ce, ita ma a bakin kakarta ta ji. Na yarda da wannan. Daskin-da-riɗi ba ta da mai ita. Amma muryar ta Iya ce, numfashin nata ne, kuma da sharaɗi ta bayar. Mutum ya ɗauki labarin ya faɗa da bakinsa, ba mai hana shi, haka aka gada. Ya ɗauki muryar tsohuwa ya tara mabiya da ita, ko goro bai aiko mata ba, wannan ci da gumin wani ne.

Ba ni da hanyar janyo ta. Abin da na iya shi ne, yanzu kowace ɗauka jikar mai tatsuniya takan faɗa a farko da tsakiya cewa daga ƙasar Ringim take, kuma ba a yarda a sauya ta ba. Mun kuma buɗe asusun tukuici a zauren, duk wata a sayo musu goro da sabulu da omo. 'Yan ci-rani na Legas sun fi kowa ƙoƙari.

Talata, 15 ga Satumba

Iya ta rasu ranar Juma'ar da ta wuce, bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya haskaka kabarinta.

Ruwa ya yi ɓarna bana. Kogin Hadeja ya cika ya tumbatsa, gonakin shinkafa da gero sun nutse, gidajen ƙasa suna ta faɗuwa. Bangon ɗakinta ya zube a watan jiya aka mayar da ita gidan ɗanta, tun daga nan ba ta ƙara jin daɗi ba. Mun yi da ita za ta yi mini Ta-kitse idan an ɗauke ruwa. Ta ce tata ba irin ta kowa ba ce, akwai waƙar da ƙanwar Ta-kitse ke yi da ba ta taɓa jin wani ya rera ba. Na tambayi Goggo da Inna, ba wadda ta san ta.

Na dakatar da tura muryarta har sai 'ya'yanta sun ce wani abu. Ranar sadakar uku babbar 'yarta ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ki zuba mini duka a memori." Ta ce ba za ta iya ji yanzu ba, amma tana so ya kasance a hannunta.

Asabar, 21 ga Nuwamba

An koma makaranta, an yi girbin abin da ruwa ya bari, dare ya fara sanyi. Yanzu ake tatsuniya ta gaske, ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na zaci da an buɗe gari zauren zai mutu. Ya ragu, bai mutu ba, kuma ya juya ta inda ban zata ba: yaran birni sun fara turo nasu. Wata 'yar shekara tara a Kurna ta yi ta Gizo da Ƙoƙi, ta sa Gizo ya hau adaidaita sahu. Na kunna wa Goggo ina jiran ta ce an ɓata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a ɗauke ta. Ta ce wa yarinyar adaidaitar ba laifi, amma ta manta ba ta rufe ba, tatsuniya ba a barin ta a buɗe. Yarinyar ta sake turowa da ƙurunƙus ɗinta.

Na fara rubuta waɗanda muka ɗauka don aji, kuma a nan na ga iyakar takarda. Tun 1911 Bature Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin Hausa, waɗanda malamai maza suka rubuta da ajami. Aiki ne babba, ba don shi ba da da yawa sun salwanta. Sai dai tatsuniya a ɗakin mata take kwana, kuma abin da ya isa takarda labarin ne kawai. Karin waƙar bai isa ba, amshin yara bai isa ba. Ni ma da na zo rubuta ta Iya, na rasa yadda zan rubuta muryar tsohuwar rafi. Don haka a aji ba na ba su su karanta sai sun fara ji. Nakan ɗora wayar a cikin kwano don sauti ya ƙaru, su amsa waƙar, sannan a buɗe littafi. Yaran da ba sa ɗaga hannu a darasin karatu su ne kan gaba wajen amshi.

'Ya'yan Iya sun ba da izini a ci gaba da sa muryarta a makaranta da zauren dangi kawai.

Lahadi, 20 ga Disamba

Rediyo na cewa cutar ta sake tasowa zagaye na biyu. Ga kuma sabuwar doka daga hukumar sadarwa, cewa duk layin da ba a haɗa da lambar katin ɗan ƙasa ba za a rufe shi, an kuma dakatar da sayar da sabon layi. Mutanenmu da yawa ba su da lambar, wurin yi kuma sai an je hedikwatar ƙaramar hukuma an kwana a layi. Idan aka rufe layukan, rabin zauren ya tafi. Na ce kowa ya kwafe abin da ke wayarsa zuwa memori tun yanzu. Ni ma na raba namu gida biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin yayanmu.

Ɗan kaman nan ya koma kasuwa, ya ce a bar ɗaukarsa, gaban jama'a ya fi masa. Inna ta haɗa ni da wata ƙawarta a rugar Fulani ta arewa da mu, wadda aka ce tana tatsuniya da Hausa da Fulatanci, tana kuma da waƙoƙin daɓe da na niƙa. Mijinta ya yarda. Ranar Laraba za mu je da ƙanena, da yamma, don mu tarar da yaran rugar sun dawo daga kiwo. Zan tambaye ta ko ta san waƙar ƙanwar Ta-kitse, sannan in bi sauran sa'o'in Iya na ƙauyukan Taura da tambayar kafin azumi ya zagayo.